Hancin Gwaggo

A garinmu Matamaye, lokacin da nake budurwa, idan uwa za ta aurar da 'yarta akwai gidan da ba ta tsallakewa. Gidan gwaggona ne, yayar mahaifina, mai haɗa turaren wuta. Ba ta da shago, ba ta da allo a ƙofa. Ɗaki ɗaya ne a ƙuryar gida, da tukwanen ƙasa a ƙarƙashin gado, da kwalabe a kan kanta. Amma daga Kance, daga Tsauni, har daga ƙauyukan bakin iyaka mata suke zuwa, su tuɓe takalmi, su zauna a tabarma su jira ta gama abin da take yi. Magana ɗaya ake yi a kanta: tana da hanci. Takan ɗaga murfin buhu ta ce itacen nan ruwa ya taɓa shi a hanya, kuma in aka bincika a tarar haka ne. Wannan suna shi ne duk abin da ta mallaka. Mijinta ya daɗe da rasuwa, gona kuwa ba ta da ko taki ɗaya.

An ba ta riƙona ina da shekara tara, bayan ta aurar da 'yarta tilo zuwa Kance. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har koleji. Faransanci aka koya mana a can, karatun Hausa kuwa a littattafan soyayya na koya, waɗanda yayyena suke kawowa daga Kano in sun dawo ci-rani, a ƙasan jaka tare da sabulu da takalman roba. Nakan buɗe littafi a cinya ina kankare farce. Farce wani ɓawo ne da ake kawowa daga teku, kamarsa ɗaya da farcen mutum, ƙarni gare shi kamar busasshen kifi, sai an jiƙa an kankare an soya kafin ya yarda ya zama abin ƙamshi. Hannuna yana cikin ƙarni, zuciyata tana can wani falo mai labule har ƙasa.

A cikin littattafan nan akwai mata 'yan kasuwa. Kullum shagonsu na gilashi ne, da sanyin inji, da direba yana jira a waje. Ba sa gumi. Sai in ɗaga kai in ga Gwaggo da zaninta mai tabon mai, tana daka kajiji, wato saiwar nan mai ƙamshi, tana tari. Ban taɓa ɗaukarta 'yar kasuwa ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda take sallamar mutane. Dokarta ita ce, in ta haɗa turare ta zuba a tukunya, sai ta rufe da ƙyalle ta liƙe da yumɓu, ba mai taɓawa sai ya kwana arba'in. Mace za ta zo daga nesa, Gwaggo ta ce, "Bai nuna ba, ki dawo bayan Juma'a uku." Shi ke nan.

"Gwaggo, mata ta sha rana tun daga Tsauni, kin bar ta ta tafi haka?"

"Ƙafarta ce ta kawo ta, ita za ta mayar da ita. Miƙo mini taɓarya, Madam."

Madam take ce mini in na cika iyayi.

A ƙarshen daminar shekarar da na bar koleji, ƙungiyar matan unguwarmu ta shirya zama a farfajiyar lakwal. An gayyato mutum uku da suka yi nasara a kasuwanci su ba da labarin yadda suka faro, ko na baya sa ɗauki darasi. Akwai wani Alhaji mai lodin rake, akwai wani mai butik, wato shago, na kayan mashin. Ban riƙe ko kalma ɗaya daga bakinsu ba. Idona yana kan ta ukun, wata Hajiya mai sayar da atamfa a Damagaram, haifaffiyar garinmu. Farin leshi ta sa, da tabarau mai bakin zinariya, da waya biyu a hannu ɗaya. Da ta sauko daga mota sai na ji kamar wani shafi ne ya buɗe ta fito daga ciki.

Ta yi magana ba taƙama, wannan ina shaidarta. Ta ce, "Ni da kuke gani da tallan kallabi na fara, a ka, a rana. Wata rana wata mata ta tsayar da ni tana son shuɗi mai ɗigon fari. Na ce babu, sai gobe. Ta ce to. Ta juya wajen wadda ke bayana. Yau shekara ashirin da ɗoriya, ita da 'ya'yanta da surukanta duk a wajen waccan suke sayayya. Ta ƙofar shagona suke wucewa, har mu gaisa. Tun daga ranar na haramta wa bakina cewa babu. In babu shuɗi ki buɗe mata kore. Ki zaunar da ita, ki ba ta ruwan sanyi, ki aika a nemo. Wanda ya tako ƙofarki kada ya koma hannu rabbana."

Mata suka ɗauki tafi. Na rubuta maganar a kaye, littafin rubutuna na lakwal, da jan biro, na ja mata layi biyu. Sannan na ɗaga hannu, don ina so ta kalle ni ni kaɗai.

"Hajiya, to in wadda kake aiki a ƙarƙashinta ita ce mai cewa babu fa?"

Wuri ya kaure da dariya, don kowa ya san wa nake nufi. Wata daga baya ta ce, "Yau tsohuwa ta shiga uku, an kai ƙararta Damagaram!"

Hajiya ta yi murmushi. "Me kuke sayarwa, 'yammata?"

"Turaren wuta."

"A'a, to. Ni dai atamfa na sani, ɗiyata. Turare sai ki tambayi masu shi."

Na ji wannan sarai. Ban rubuta ba, saboda ba ta yi daɗin da za a sa a littafi ba.

Bayan kaka 'yar Gwaggo ta haihu, haihuwa mai wuya, dole ta tafi Kance zaman jego. Lokacin biki ne kuwa, ana ta ɗaura aure kafin maza su watse ci-rani. Mako guda kafin tafiyarta ta liƙe tukwane uku. Ranar da za ta hau mota ta ɗaura mini makullin ɗaki a bakin zani, ta ce, "Na kan kanta ki sayar. Na ƙarƙashin gado kuwa, ko uwarki ce ta zo, ba su nuna ba."

Cikin kwana goma na kan kanta ya ƙare. Na yi wa kowa fara'a, na sayi ƙanƙara ina sa wa baƙi a ruwa, na yi shimfiɗa sabuwa. Har nakan tsaya a bakin ƙofa da yamma in ga shagona a Damagaram, da kwalabe jere har sama, da wani mai farar shadda ya shigo neman turaren da zai kai wa mahaifiyarsa, ya tambayi wace ce mai shagon, aka nuna ni.

Ranar sha ɗaya wata mata ta sauka daga mashin ɗin kabu-kabu a ƙofar gida, daga Ɗan Barto. Na san ta, tsohuwar mai sayen Gwaggo ce, mace mai jiki da murya. Ta zauna tana fifita da gefen mayafi.

"Ina uwar ɗakin naki?"

"Tana Kance, Inna, wajen jego."

"Innalillahi! Ran Asabar ake kai yarinyar. Kawo abin da ta bari."

Na ce ya ƙare.

"Ya ƙare? 'Yar nan, ni gwaggonki ce ta haɗa mini turaren aurena. Ita ta yi wa yayyen yarinyar su biyu. Wannan ce auta. So kike in kai ta da turaren kasuwa kamar marainiya?" Ta leƙa ɗakin. "Waɗancan tukwanen fa, tuwo ne a ciki?"

"Ba su nuna ba."

"To buga mata waya mana."

Ina da waya, mijin 'yar Gwaggo ma yana da ita. Ban buga ba, don na san amsar da zan samu. Na ce layin Kance ba ya shiga.

Ta taɓe baki ta fara tattara mayafi. "Ashe gadin ɗaki kawai aka bar ki. Na ɗauka kin zama mutum."

Na ce ta zauna. Na kawo mata ruwan ƙanƙara. Na shiga ɗaki na jawo tukunya ɗaya, na fasa yumɓun da gindin ludayi. Ko rabin kwanakinta ba ta yi ba. Da na ɗaga ƙyallen, wani ƙamshi ya taso ya cika ɗakin, mai zaƙi, mai kaifi, har idona ya kawo ruwa. Na ce a raina, ashe duk shekarun nan tsoron banza tsohuwar take yi.

Ban gwada a wuta ba. Gwaggo ba ta taɓa miƙa wa mutum turare ba tare da ta ɗora ɗan kaɗan a garwashi ta tsaya ta ji ba. A lokacin akwai wuta a murhu, taku biyar ne daga inda nake. Ban je ba, saboda ba na so in ji.

Uwar amarya ta shaƙi kwalbar ta yi guɗa, ta sa mini albarka. Tukunya kuwa tunda an fasa ai an fasa. Cikin kwana huɗu na sallami wasu gidaje shida daga cikinta. Na yanka takardu daga kayena na manna a jikin kwalabe, na rubuta musu sunaye irin na littafi, masu zuciya da wata da hawaye a ciki. Ba wadda ta koma hannu rabbana. Na ji kamar a kawo Hajiya ta gan ni.

Abin da ban tsaya na tuna ba, alhali na sha ji, shi ne kwanakin nan na cikin tukunya su ne itace yake shan madarar turaren har cikin tsokarsa. Ɗanyen turare a kwalba ya fi nunanne ƙamshi, don komai yana sama. In ya hau wuta sai madarar ta tashi lokaci guda ta gudu, a bar ka da ƙaurin sukari da ƙarnin farce, su kama tufa su ƙi saki.

Gwaggo ta dawo ran Litinin da la'asar, a gajiye. Na ce bari ta huta, gobe na faɗa mata. Washegari da hantsi, kafin in tattara bakina, uwar amarya ta faɗo gidan ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta jefa wani sabon zani a cinyar Gwaggo.

"Shaƙa."

Gwaggo ta shaƙa.

"Akwati biyu! Ɗaya bayan ɗaya muka ɗora tufafin a kabbasa bisa garwashi muka turara. Muka ce hayaƙin ne ya yi yawa, zai huce. Aka kai yarinya, dangin miji suka shigo ganin ɗaki, sai ƙanwar angon ta toshe hanci ta ce ko daga bakin tafkin Cadi aka ɗauko musu amarya. 'Yar masunta suke ce mata yanzu, har yaran gidan. Kwana biyu ba ta ci abinci ba. Me na yi miki, Yaya? Shekara talatin ina zuwa gidan nan!"

Ta dire kwalbar a tabarma. Gwaggo ta ce, "Kawo garwashi." Na kawo kasko. Ta ɗebi ɗan kaɗan ta sa. Hayaƙi ya tashi. Ta rufe ido na ɗan lokaci. Da ta buɗe, ta ɗauki kwalbar ta shafa takardar da na manna da babban yatsa, ita da ba ta karanta boko. Ta kalle ni sau ɗaya. Na buɗe baki, ta riga ni.

"Laifina ne, 'yar'uwa. Ni na buɗe kafin in tafi, na shaƙa na ce ya nuna, na ce yarinya ta sayar. Hancin ne ya fara tafiya. Tsufa ne."

Na kalli matar. Na ga fushin yana sauka daga fuskarta, wani abu yana hawa a madadinsa. Ta ce, "Ayya. Ashe haka ne. Ayya, Yaya, sannu." Har ta dafa mata gwiwa. Da zagi ta ci gaba da yi da ya fi mini sauƙi.

Da ta fita Gwaggo ta ce, "Gida nawa?"

"Shida, ban da nata."

"Ɗauko kwando."

A ƙasa muka bi su, ita a gaba ni a baya. Biyu ba su riga sun kunna ba, huɗu sun kunna sun yi shiru don kunya. A kowane gida ta tsuguna ta karɓi kwalba, ta maimaita maganar nan kalma da kalma: ni ce, hancin ne, tsufa ne. Sau shida ina tsaye da kwando a hannu, ina jin ta, ina kallon ƙasa. A gida na huɗu matar ta ce, "Allah ya so kina da wannan yarinyar kusa, Allah ya yi mata albarka." Na ce amin.

Bayan azahar muka zauna a gindin dogon yaron tsakar gida. Ba ta ɗaga murya ba.

"Wa ya koya miki?"

Na ɗauko kaye ina kuka, na karanta mata maganar Hajiya duka. Ta saurara har ƙarshe, sai ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Na san ta tun tana yawo da tiren kallabi, ƙafa duk kaushi. Ba ta yi ƙarya ba, haka aka yi mata. Amma ita atamfa ranar da ta fito daga inji ta gama nuna. Ko kin taɓa ganin an sayi yadi an kai gida ya koma ƙarni? Ita ta faɗi abin da ya cuce ta. Ke kuma kika ɗauko maganin ciwonta kika ɗura wa mai lafiya."

"Gwaggo, bari in je Ɗan Barto in faɗa musu ni ce."

"Ba inda za ki."

"Amma sunanki..."

"Rufe mini baki, Madam. In aka ce hancina ya mutu, tsohuwa ce, kowa zai ce Allah sarki. In aka ce ke kin fasa tukunya kin sayar da ɗanye kina sane, wa zai ƙara karɓar ko ruwa a hannunki? Shekara nawa ya rage mini, shekara nawa ya rage miki? Ko aure kika tashi yi sai an tono. Na hana ki. Ko a mafarki kika faɗa ban yafe ba."

Abin da ya fi cina har yau ba fasa tukunyar ba ne. A daidai lokacin da ta ce ta hana ni, wani sanyi na ji ya ratsa ni tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Ina hawaye, ina cewa a'a Gwaggo, amma can ciki murna nake yi. Ina jin ta gani.

Kafin ranar kasuwa ta zagayo labari ya kai ko'ina. Mata ba su daina zuwa ba gaba ɗaya, amma sun zo da sabuwar tambaya: "Wa ya haɗa wannan?" Sai Gwaggo ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ɗiyata ce. Ni yanzu daka kawai nake taya ta." Shekara uku ita take awo, ita take haɗi, ita take cewa a ƙara wannan a rage wancan, ni ina juya muciya. In an tashi yabo a yabe ni. A cikin shekarun nan ne na koyi aikin da gaske, don dole in iya abin da ake cewa na iya. Matan da suke tuɓe takalmi su jira ta suka koma gaishe ta a tsaye su wuce wajena. Wasu har tsokanarta suke yi: "Tsohuwa, yau me aka dafa a gidan nan, ko sai an faɗa miki?" Ta yi dariya ta ce, "Sai an faɗa mini, 'yar nema."

Yarinyar Ɗan Barto tana nan a ɗakinta, 'ya'yanta huɗu. An ce har yanzu in faɗa ya haɗa ta da dangin miji sukan tuno mata da masunta. Na je sunan ɗanta na biyu da niyyar in ja uwarta gefe, ko da Gwaggo za ta yi fushi. Matar ta rungume ni a gaban jama'a ta ce, "Ga wadda ta rufa wa tsohuwa asiri." Na ce Allah ya raya, na ci shinkafa, na hau kabu-kabu na dawo.

Yanzu ina da aure, ina da ɗan shago a bakin titi, ba na gilashi ba. Bara ƙungiyar mata ta aiko in zo in ba 'yammata labarin yadda na yi nasara. Na ce ba ni da lafiya. Na sake roƙon Gwaggo ta sake ni in faɗa, ta ce, "Ki bari sai an kai ni." Wato sai ranar da ba zai amfane ta da komai ba. Wannan ma da nake rubutawa, ba suna a ciki, kuma da bokon da ba ta karantawa.

Tana wajena yanzu, idonta ya yi rauni, yini take a tabarma a bayan shago. Makon jiya wata uwar amarya ta zo da wani turare da aka kawo mata tsaraba, tana so a faɗa mata ko mai kyau ne. Gwaggo ta miƙo hannu. Matar ta ɗaga kwalbar ta tsallake hannun ta ba ni, tana cewa, "Bari dai mai hancin ta ji, Iya." Na ɗora a garwashi, na shaƙa, na ce ba laifi, a yi amfani da shi. Ta yi godiya ta tafi.

Gwaggo ta jira har ƙarar mashin ɗin ta ɓace. Daga can inda take zaune, ba tare da ta juyo ba, ta ce, "Kajijin na bara ne, ya sha danshi. Kira ta ta dawo."

Na sake shaƙa. Haka ne. Na ɗauki waya na kira matar, na ce na sake dubawa na gano wani abu. Ta ce kai, Allah ya ƙara wa hancin nan nawa albarka.